Zoben da Baba Ya Matse

Tun da aka kawo ni gidan Gazali ban taɓa jin mahaifina ya faɗi alherinsa ba. Ba ya zaginsa, Baba ba mai zagi ba ne. Sai dai in aka zauna a garinmu Korgom ana zancen surukai, sai ya fara da mijin Yaya Sa'a da rumbunansa, ya gangaro kan mijin Yaya Kadijatu mai kawo masa gayya duk damina, in ya iso kaina sai ya gyara murya ya ce, "Shi ko na Tasawa yana nan, yana lasar tambur." Daga nan a shiga wani zance. Yayyena su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, ni kuwa in cika in yi fam, in rasa wanda zan sauke wa.

Laifin Gazali bai wuce biyu ba. Na farko, ma'aikacin gidan waya ne, inda ake manna wa wasiƙa tambur, ba shi da gona. Sau ɗaya ya je wa Baba noma, shekarar aurenmu, kafin hantsi ya ɗaga tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, aka ce ya koma gindin tsamiya ya tsare tulun ruwa. Har yau ana ba da labarin. Na biyu ya fi muni a wurin Baba: yana taɓa ƙarfe alhali shi ba ɗan maƙera ba ne. Da sana'a ce ma da sauƙi. To ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai.

Wani Nasara makanike mai gyaran motocin ɗaukar gyaɗa ne ya jawo mini. Da aka samu mulkin kai zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Gazali akwatin katako cike da ƙarafa, don ya ga yana yawan tsayawa bakin garejinsa yana kallo. Ni dai har yanzu ban gode wa Nasaran nan ba. Daga ranar, duk Lahadi in ba aiki, maigidana yana rumfar da ke bayan zaure tun safe, magagari a hannu, yana goga ƙarfe. Ba fartanya yake yi ba, ba wuƙa ba, ba wani abin da za a ce ga amfaninsa. Sai ya yini kan guntun ƙarfe, ya fito da shi kansa da kusurwa shida, ya kawo mini madafa in gani. In ce, "To, na mi ne?" Ya ce, "Ke dai duba yadda ya yi daidai."

A cikin akwatin nan akwai abin da ya fi so, wanda da za a ce ya zaɓa tsakaninsa da ni, ban san yadda za ta kaya ba. Dunƙulen ƙarfe ne mai fuska huɗu, da rami ya ratsa tsakiyarsa. Cikin ramin ake zura wani bututu mai tsaga uku a baki. Shi yana ce masa pens da Faransanci, ni ina ce masa bututu, don bututu ne. A gindin bututun kuma ake murɗa zobe. In ka sa sandar ƙarfe a bakin bututun ka murɗa zoben da lakile, wato sifana mai ƙugiya, sai zoben ya ja bututun ciki, bakin ya tsuke ya cafke sandar. Sai ka danne dunƙulen a mamatsin da ke kafe jikin tebur, ka goge saman sandar, ka juya dunƙulen kan fuska ta biyu, ka goge, har sau huɗu. Tun da shi dunƙulen daidai yake, kan sandar ma sai ya fito da kusurwa huɗu daidai.

Ban nemi sanin duk wannan ba, dura mini aka yi ina tsakiyar tankaɗe. Haka kuma aka dura mini dokoki biyu. Ba a kwance zoben sai an gama fuska huɗun, in ba haka ba sandar ta juya, lissafi ya ɓace. Kuma ba a matse shi da ƙarfi, don gindin bututun bai fi kaurin farce ba. "Dusma, dusma," in ji shi da Faransanci, wato a hankali, yana jan lakilen da yatsa biyu. "In ya kama, zai gaya maka."

Da kaka ta yi a shekarar da nake magana, gyaɗa ta yi kyau ƙwarai, sai injin ɓarar gyaɗar Baba ya lalace. Injin hannu ne, da sandar ƙarfe a tsakiya, kanta mai kusurwa huɗu inda mariƙin ke shiga. Kan ne ya cinye ya zama kewayayye, sai mariƙin ya riƙa juyawa shi kaɗai. Danda maƙerin garinmu ya sa shi a wuta ya daddaka, ya yi iya yinsa, amma bayan 'yan kwanaki mariƙin ya sake suɓucewa. Ga gyaɗa tsibi a masussuka, ga masu awo sun kafa sikeli, mata sun koma ɓara da hannu har yatsu sun kumbura. Wata mai kawo kuka kasuwa ce ta ba ni labari. Kafin ta rufe baki na ce ta gaya wa Baba a aiko da sandar Tasawa, akwai mai gyara.

Da na gaya wa Gazali sai ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Lailatu, kin kashe ni."

"Ka iya ko ba ka iya ba?"

"Iyawa na iya. Amma na Baba ne hwa."

"Don na Baba ne na ce a kawo. Ko so kake ka mutu kana mai tsaron tulu?"

Ya mayar da kai ga kwanonsa. Ni kuwa raina fes, don na riga na gama shirina. Za a kawo sandar, a gyara, a mayar, injin ya tashi, Baba ya buɗe baki gaban yayyena ya ce na Tasawa ne ya yi. Iyakar abin da nake so ke nan a duniya, kuma ban ga ya yi yawa ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Baba zai kawo sandar da kansa. Ya biyo motar gyaɗa ranar Asabar, ya sauka gidan wani amininsa, da safiyar Lahadi sai ga sallamarsa a ƙofar zaure, sandar a kafaɗa naɗe cikin tsumma. Na ce ya bar ta ya je ya huta. Ya ce ba inda za shi, ƙarfen nan ba ya barin idonsa.

Wanda bai ga Gazali gaban surukinsa ba bai ga abin haushi ba. Mutumin da ke daka wa masinja tsawa a biro, wato ofishinsu, ya tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, ya zo ya durƙusa nesa, kai a ƙasa, yana gaisuwa da muryar da ko ni da ke kusa ba na ji sosai. Baba ya amsa yana kallon katanga. Haka al'ada take, na sani, ba yau aka haife ni ba. Suruki ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya ci ba ya sha gabansa, ba ya ce masa a'a. Amma ai ba a taɓa cewa su biyun za su yi aiki a rumfa ɗaya ba. Na shimfiɗa wa Baba buzu a gefen tebur, ni na tsaya bakin ƙofa. Da yake ni ce auta, bakina bai saba da linzami gaban Baba ba, don haka ni na zama wayar da ke tsakaninsu.

"Auta, tambaye shi, ina wutar?"

Gazali yana nan, in Baba ya miƙa hannu zai taɓa gwiwarsa. Na juya na ce, "Malam, wai ina wuta?"

"A ce ma Baba ba a sa wuta."

"Baba, wai ba a sa wuta."

"Ƙarhe ba wuta?" Baba ya yi 'yar dariya ta hanci. "To, mu gani."

Gazali ya auna sandar ya ga tana da ɗan saura a tsawo, ya yanke kan da ya lalace da zarto. Ya buɗe akwati ya fito da bututunsa. 'Yan kaɗan ne Nasaran ya bar masa, kowane da kaurin sandar da yake kamawa, guda ɗaya tak ya dace da ta Baba, kuma shi ne wanda ya fi aiki da shi. Ya goge shi da gefen rigarsa, rigar da na wanke jiya, ya zura, ya murɗa zoben, ya ja lakile da yatsa biyu. Na ga Baba ya bi yatsun nan biyu da kallo, ya taɓe baki.

Sai matsala ta gaba. Guga a tsaye ake yinta, shi kuwa ba zai tsaya ƙiƙam a kan surukinsa yana zaune ba. Sai ya rage tsawo, ya lanƙwashe gwiwa, ya duƙa, ba shi tsaye ba shi tsugune, ya kama guga a haka. Na ce a raina, wannan bayan ni zai bari da shafa man zafi. Amma hannun ya san aikinsa. Magagari yana tafiya yana dawowa, garin ƙarfe yana zuba, can sai ga fuska ta fito sumul tana ƙyalli. Ya juya dunƙulen, ya yi ta biyu. Zufa ta jiƙe shi sharkaf, leɓensa ya bushe. Tun da ba zai sha ruwa gaban Baba ba, sai ya nemi izini ya shiga cikin gida, na bi shi na ɗebo masa a randa.

Da muka fito, sai muka tarar da Baba tsaye a hasken rana, sandar a hannunsa, yana jujjuya ta yana dubawa. Zoben yana kan tebur.

"Auta, ki ce mishi abin nan nashi sako-sako yake. Da hannu na kwance shi, ko lakilen ban taɓa ba."

Na dubi Gazali. Fuskarsa ta yi kamar an aiko masa da rasuwa. Amma da ya buɗe baki, sai ya durƙusa ya ce, "Madalla, Baba. An gode."

An gode! Na ja shi da ido muka koma tsakar gida.

"Mi ka gode ma?"

"Rage murya, don Allah."

"Ba a iya maida ta yadda take?"

"Da ido? Sai ta hito karkace, mariƙin shi sake cinye ta. Sai dai in yanke in soma sabo. Kuma saura yanka guda ke nan, in aka ƙara ta gajarce."

"To ka hwaɗa mishi kada shi sake taɓawa."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya tsinka wa Baba mari. Na ga in na tsaya jiransa za mu kai Sallah, sai na fita da kaina. Na durƙusa, na sassauta murya iya yadda zan iya, na ce, "Baba, wai shi abin nan, in an ɗaure ba a kwancewa sai an gama. In sandar ta motsa ko kaɗan, aikin ya ɓaci, sai an sake."

Baba ya dubi sandar, ya dubi zoben. Na san mahaifina. Mutum ne da bai saba ɓata aikin wani ba, a gona shi ake kira a gyara kunyar da wasu suka karkata. Na ga abin ya shige shi, har ya ɗan ba ni tausayi. Kafin ya ce wani abu sai ga Gazali daga bayana, yana cewa, "A ce ma Baba ba komi. Dama yankan hwarko bai yi mini ba, ina da niyyar sakewa." Ƙarya tsagwaronta, da rana tsaka, daga bakin mutumin da ba ya fashin jam'i. Ban isar da wannan saƙon ba, na bar shi ya isa da ƙafarsa.

Aka sake yanka, aka sake ɗaurewa, aka sake duƙawa. Wannan karon Baba ya naɗe hannuwansa cikin riga, ya zauna kamar mai sauraron huɗuba. Fuska ta farko ta fito, ta biyu ta fito. Wajen ta uku na lura ya matso da buzunsa. Da Gazali ya ɗaga magagari ya hure garin, Baba ya leƙa, ya zaro hannu ɗaya, ya shafa wurin da babban yatsa, ya shafa kusurwar, ya ce, "Hm."

Ku da ba ku san Baba ba za ku ce ai bai ce komai ba. Ni da na san shi, gabana har faɗuwa ya yi don murna. Wannan "hm" ɗin ita yake yi in ya ɗaga zangarniyar gero ya ji nauyinta. Na ce yau dai Allah ya karɓi addu'ata, saura fuska ɗaya maganar ta fito. Na ruga ciki in dama masa fura da nono mai kyau, don in maganar ta zo ta samu maƙogwaro a jiƙe.

Ina cikin damu na ji guga ta tsaya. Na ce juyi na ƙarshe ake yi. Sai na ji muryar Baba, ba da ni yake ba, da iska yake, yadda yake yi in yana son surukinsa ya ji.

"Tun da motsi ne ba a so, ai sai a ɗaure shi ɗaurin maza. Wanga matsi na yatsa biyu, ko bakin salka ba a ɗaure shi haka. Ni na ɓata na hwarko, bari in gyara wanga."

Na saki ludayi. Kafin in ɗauko ƙwaryar in ratsa tsakar gida na ji ƙarar farko, ƙwal. Na iso bakin rumfa, abin da na gani har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Baba ya maƙala lakilen a zoben, ya ɗauki gudumar da ke kan tebur. Shi kuwa Gazali, maigidana, mai dokoki biyu, mai dusma-dusma, ya sa hannu biyu ya riƙe masa dunƙulen gam don kada ya goce. Idonsa a rufe.

Ƙwal, ta biyu.

"Baba!"

Ta uku ba ƙwal ta ce ba. Wata 'yar ƙara ta yi, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Lakilen ya tafi sakaka, zoben ya faɗo ƙasa ya gangara, da guntun gindin bututun a cikinsa. Sandar ta sulale daga bakin dunƙulen, Gazali ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

Baba ya dubi gudumar hannunsa, ya ce, "Mi ya hwaru?"

Gazali ya durƙusa ya tsinci zoben, ya juya shi a tafin hannu. Ya ce, "Tsohon ƙarhe ne, Baba. Dama ya kusa."

Da Baba ya yi shiru a nan, da wataƙila na haɗiye. To bai yi ba. Ya ajiye gudumar, ya karkaɗe hannu, ya juyo gare ni da fuskar wanda zancensa ya tabbata.

"Kin gani ko, Auta? Kayan wasa ne. Abin da bai jure guduma ukku ba, shi za a gyara injin da shi? Ki ce mishi shi bar wahal da kai, ya yi ƙoƙari. In maida ma Danda."

Ban san lokacin da na dire ƙwaryar furar ba, har ta fantsama.

"Wallahi ba ni hwaɗa mishi! Baba, kai ka karya shi. Lahiyarshi lau, shekara da shekaru yana aiki da shi ko tsaga bai yi ba. Ba a bugunshi, ba a matsa mishi, da yatsa biyu ake ja, don haka aka yi shi. Ka kwance na hwarko ya ce an gode, ka karya na biyu ya ce tsoho ne. Babu irinshi a Tasawa, babu a Maraɗi, wanda ya ba shi ya tahi ƙasarsu. Duk abin da ya mallaka ba wanda yake so kamarshi, ko ni ban isa in taɓa ba. Ya sani sarai zai karye, ya sa hannu biyu ya riƙe maka kana kashe mishi abu, don kada shi ce maka bari. Sannan ka ce kayan wasa? Ka duba huskokin nan ukku ka hwaɗa mini wa ya taɓa yi maka irinsu a Korgom!"

Muryata ba ƙarama ba ce ko a ranar da nake cikin daɗi. Da na tsaya numfashi sai na ji zauren ya yi shiru, ashe maƙwabta biyu da suka zo gaida baƙo suna tsaye a ciki. Na ji takunsu suna komawa da baya a hankali. Gazali ya dafe kai, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

Baba bai dube ni ba. Ya juya, a karo na farko tun da aka ɗaura mana aure, ya kalli surukinsa kai tsaye, ya yi masa magana ba ta bakina ba.

"Gaskiya ta hwaɗa?"

"Yarinta ce, Baba. A yi mata haƙuri."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka san zai karye?"

Gazali ya ce, "Na sani."

"Ka riƙe mini?"

"Kai ka ce in riƙe, Baba."

Baba ya koma kan buzunsa ya zauna a hankali. Ya miƙa hannu, Gazali ya sa masa zoben da guntun a ciki. Ya daɗe yana dubawa, ya gwada kaurin wurin da ya karye da farcensa. Ni ina tsaye, zuciyata tana tafasa, rabi haushi rabi tsoro, furar tana tsiyaya a ƙasa kaji sun taru a kai.

Gazali ne ya fara motsi. Ya ɗauki sandar ya danne ta a mamatsi haka nan tsirara, ya ce tun da uku sun fito, zai bi su ya fitar da ta huɗun. Ya goga, ya cire ya auna, ya mayar, ya sake gogawa, ya sake aunawa. Abin da dunƙulen zai yi masa cikin sauƙi ya ɗauke shi har aka yi kiran azahar. Da ya gama ya zura mariƙin injin da Baba ya zo da shi, ya shiga cif, ko girgiza babu. Ya naɗe sandar cikin tsummanta ya ajiye gaban Baba da hannu biyu. Sannan ya tattara gutsattsarin bututunsa ya sa a aljihu, bai mayar akwati ba.

Na sake damo wata furar na kawo. Baba ya ce ya ƙoshi. Mutumin da tun safe ko ruwa bai sha ba. Na ce ga tuwo na kan wuta, ya ce motar Korgom ba ta jira. Ya miƙe ya sa takalmi, muka bi shi har zaure, ni a baya.

A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo ga Gazali, wanda ya riga ya durƙusa.

"Tashi," in ji shi. "Tashi tsaye in gan ka."

Gazali ya tashi, kai a ƙasa.

"Na aurar da ɗiya ba ɗaya ba, ba biyu ba. Masu noma mini suna da yawa. Amma wanda zai riƙe mini abin da ya hi so in karya, don kada in ji kunya, ban san ina da shi ba sai yau. Hannunka kuma na gani. Allah shi yi maka albarka, shi maida maka da abin da ya hi shi."

"Amin, Baba."

Na ji maganar nan da kunnena. Na matso, ina jiran ya juyo, ko harara ce ya yi mini, ko ya ce Auta ke dai ba ki da dama, yadda ya saba in na yi masa tsiwa. Bai juyo ba. Da Gazali ya ci gaba da magana.

"Ita ko, ka yi haƙuri da ita. Ni na ɓata ta. Kada ta zo Korgom bana, sai na neme ta."

Na dubi Gazali, na ce ko shi zai ce wani abu, mutumin da na tsaya wa. Ya saci kallona sau ɗaya, kallon da ke cewa kin kunyata Baba a gidana gaban maƙwabta, sannan ya karɓi sandar ya saɓa a kafaɗa zai yi rakiya. Ba na gode, ba sannu.

Na tsaya bakin zaure ina kallon bayansu. Baba a gaba, Gazali a baya da 'yar tazara, yadda ya kamata. Wajen kan kwana na ga Baba ya rage tafiya har surukinsa ya iso daidai kafaɗarsa, ya ce masa wani abu, suka karya kwanar tare suna magana. Ba wanda ya waiwayo. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah in ji, na ji shi, kuma ban taɓa jin haushi da ciwon rai irin na ranar ba. Na koma ciki na sauke tuwon da ba mai ci, na zauna bakin murhu na sha kukana ni kaɗai.